Abin da aka yi wa 'yata bayan an ce ba za ta warke ba

'Yata ta uku ta zo duniya da ciwon da ba shi da magani. Rayuwarta kaf a sashen jarirai masu tsananin rashin lafiya ta yi ta, daga can kuma ta koma ga Mahaliccinta. Na daɗe ba na iya ba da labarinta ba tare da muryata ta sarƙe ba. Da na fara iyawa kuma, sai na lura masu sauraro sukan tsaya daidai inda likita ya ce ba za ta warke ba. Nan za a ce "Allah Sarki", a yi mini addu'a, a ɗauka zance ya ƙare. Ni kuwa kusan duk abin da ya shiga tsakanina da ita na uwa da 'ya, bayan wannan maganar ya faru. Shi nake so in rubuta, saboda iyayen da ke tsaye yau gaban kwalbar jinyar jarirai suna kallon lambobi suna hawa suna sauka, da ma'aikatan da ke tsaye tare da su.

Cikin bai zo mini da wata wahala ta daban ba. A wajen awo an ce jaririyar ƙarama ce, ruwan mahaifa kuma ya yi yawa, sai a riƙa bibiya. Da naƙuda ta zo bugun zuciyarta ya riƙa sauka, aka shiga da ni tiyata. Ban ji kukanta ba. Takun ƙafafu na ji da muryoyi ƙasa-ƙasa, aka fita da ita kafin in ga fuskarta.

Washegari aka tura ni a keken marasa lafiya zuwa inda take. Tana kwance cikin kwalba, tiyon numfashi a bakinta an manne shi da filasta, wani siriri a cibiya, wayoyi a ƙirji, wata 'yar jar fitila ɗaure a ƙafarta tana auna iskar oksijin da ke cikin jininta. Inda idona ya tsaya shi ne hannuwanta. A dunƙule suke kam, manuniya ta hau kan yatsan tsakiya, ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi. Ni kyau suka yi mini. Daga baya na ji cewa wannan dunƙulewar ce ta fara sa likitoci zargin abin da ke damunta.

Gwajin jini ne ya tabbatar. Likitar jarirai ta ɗauki takarda ta zana mana. Ta ce a cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai wasu zarurruka masu ɗauke da tsarin halittarsa, ana ce musu kuromosom, guda 46 ne, sun jeru biyu-biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. 'Yata tana da 47, domin na lamba 18 uku ne a jikinta maimakon biyu. Sunan ciwon tirisomi 18, wasu kuma suna kiransa da sunan John Edwards, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1960. Yana samun kusan jariri 1 cikin 5,000 da aka haifa da rai, mata sun fi yawa, mafi yawansu da matsalar zuciya suke zuwa, kuma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke cika shekara. Tambayar da ta fara fitowa daga bakina ita ce, "Likita, wani abu na sha? Ko wani abu na yi da cikin?" Ta ajiye biron ta dube ni ta ce a'a, abin ya faru tun kafin in san ina da ciki, kuma babu abin da ni ko mahaifinta za mu yi da zai hana shi. Wannan amsar sai da na sa ta maimaita mini ita a wasu ranakun, ba ta kuma taɓa nuna ta gaji ba.

A jikin 'yata abubuwa sun haɗu. Akwai babban rami a bangon da ya raba ɓangarorin zuciyarta, jijiyoyin jinin huhunta sun matse, sannan ƙwaƙwalwarta takan daina ba da umarnin numfashi, sai ta ɗauke wuf. Duk sanda aka gwada rage mata taimakon injin numfashi, sai lambobi su faɗi, ƙararrawa ta ɗauka, a mayar.

Akwai abin da babu wanda ya gaya mini kafin in gani da idona. Jaririn da ke da tiyon numfashi ba ya kuka da sauti, domin tiyon ta tsakanin inda murya ke fitowa yake bi ya shiga maƙogwaro. Za ka ga fuska ta tamke, gira ta haɗe, ido ya runtse, baki ya buɗe, ƙirji yana rawa, amma shiru. Haka na riƙa ganinta duk sanda aka soki diddigenta don ɗibar jini, ko aka zura siririn tiyo don tsotse majina, ko aka ɓalle filasta daga fatar da ba ta gama ƙwari ba. Kuma a sashen irin wannan, abubuwan nan ba sau ɗaya ake yinsu a yini ba. Babu mugu a cikin masu yin su, duk don ceton rai ake yi. Amma ni da ke tsaye ina kallo ta bayan roba, ba a yarda in ɗauke ta ba, na kai inda nake tambayar kaina, wannan wahalar ina za ta kai ta?

Wata nas mai aikin dare, babbar mace ce da ta daɗe a sashen, ita ta koya mini karanta fuskar 'yata. Ta ce, "Maman yarinya, labarin zuciya a tambayi fuska. Su ba su da bakin faɗa, sai mu karanta." Ta nuna mini yadda bugun zuciya ke hawa a allo idan tana jin zafi, da yadda yake sauka idan aka tattaro mata hannuwa da ƙafafu aka riƙe su a hankali da tafin hannu mai ɗumi. Kafin a soke ta sai ta ɗiga mata ɗan ruwan sukari na asibiti a harshe, ko ɗigon dakashin da na tatsa, domin duka biyun suna rage wa jariri zafin allura. Ita ce kuma ta gaya mini abin da ya sa tsigar jikina ta tashi. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin duniya, ana yi wa jarirai da yawa tiyata da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na maganin kashe zafi, wani lokaci ma sai maganin hana motsi kawai, saboda an ɗauka jijiyoyinsu ba su nuna ba balle su ji ciwo. A 1987 ne binciken likita Anand da abokan aikinsa ya nuna cewa jarirai, har da bakwaini, suna jin zafi, kuma waɗanda aka ba su maganin kashe zafi sosai a lokacin tiyata sun fi samun sauƙi bayanta. Tun da na ji wannan ban ƙara jin nauyin tambayar kowane ma'aikaci ba: abin nan da za a yi mata, dole ne? In dole ne, me aka ba ta don zafin?

A gida kuwa wani abu daban ake ciki. Manya sun haɗu a kan kada a gaya wa maijego gaskiya, wai ɗinki bai warke ba, jini zai hau. Don ƙauna suka yi, na sani. Amma ina so duk wanda ya karanta wannan ya ji ni da kyau: uwar da ke zuwa gaban kwalba kullum ta riga ta sani. Ɓoye mata ba ya rage mata komai, sai dai ya bar ta ita kaɗai da abin da ta sani, kowa yana mata murmushi yana cewa jiki da sauƙi. Da abban yara ya bi wannan shawara, da an yanke hukunci kan 'yata ba na wurin. Ya ƙi. Ya ce wa mahaifiyarsa, "Hajiya, ki yi haƙuri, ita ta ɗauki cikin nan, da ita za a zauna."

Kafin zaman, wani matashin likita da ke zagayen dare ya taɓa ce mini, yana duba takardunta, "Gaskiya babu sauran abin da za mu iya yi mata." Ba na riƙe da shi a zuci, a gajiye yake, kuma abin da yake nufi shi ne babu maganin warkarwa. Amma abin da kunnen uwa ya ji shi ne za a juya mata baya. A daren nan ban runtsa ba, ina ta ganin an tura kwalbarta lungu an kashe fitila.

Zaman da babbar likitar ya bambanta. Ta kai mu wani ƙaramin ɗaki, ta zauna, ta ajiye wayarta, nas ɗin nan tana gefe. Ta kira 'yata da sunanta. Ba ta fara da bayani ba, tambayarmu ta yi: me muka fahimta zuwa yanzu, me muka fi tsoro, kuma in lokacin yarinyar nan gajere ne, me muka fi so ya kasance a cikinsa. Abban yara ya ce tsoronsa kada ya zama shi ya kashe 'yarsa da bakinsa. Ni na ce ina so in ɗauke ta. Ko ni sai da na yi mamakin ƙanƙantar abin da na roƙa.

Sannan ta shimfiɗa mana hanyoyin ba tare da kwana-kwana ba. Akwai yara masu wannan ciwo da ake yi wa tiyatar zuciya, wasu su yi watanni, wasu shekaru, kuma a 'yan shekarun nan asibitoci da dama sun fi buɗe wannan ƙofa fiye da da. Amma ta ce ba sunan ciwon take dubawa ba, yarinyar da ke gabanta take dubawa, kuma da irin huhun 'yata da ɗaukewar numfashinta, ita da likitocin zuciya ba su ga za ta tsallake tiyata ko ta rabu da injin ba. Za a iya barinta a kai, a ci gaba da allurai da gwaje-gwaje, in zuciyarta ta tsaya a danna ƙirjinta. Ko kuma a juya akalar kulawar gaba ɗaya zuwa ga jin daɗin jikinta: a cire abin da ke wahalar da ita, a magance zafi da sarƙewar numfashi, a ba ta ɗumi da nono da jikin iyayenta, har lokacin da Allah ya ɗibar mata. Ta ce wannan ita ake kira kulawar sauƙaƙa wahala, reshe ne na aikin likita mai ƙa'idojinsa da magungunansa. Ta ƙara da maganar da har yau nake jin ta: "Duk wadda kuka zaɓa, ba za mu bar ta ba, ba za mu bar ku ba. Kuma ba yau za ku ba ni amsa ba."

A nan ina so in tsaya in faɗi wani abu. Na san iyayen da suka zaɓi tiyata da injin har ƙarshe, ba na ganin sun yi kuskure. Yaransu daban, abin da likitoci suka gani a jikinsu daban, abin da zuciyarsu za ta iya ɗauka daban. Abin da ba na yarda da shi shi ne a hana iyaye sanin cewa hanya ta biyun tana nan, ko a nuna musu ita kamar sallamawa ce.

Mun je wajen wani malami da muka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Ya saurare mu, ya yi tambayoyi kan abin da likitoci suka ce, ya tambaya ko likita ɗaya ne ko sun haɗu a kai. Sannan ya bambance mana tsakanin yin abin da zai kashe mutum, wanda haramun ne ba tantama, da barin maganin da masana amintattu suka tabbatar ba ya warkarwa sai tsawaita wahala. Ya ce injin ba ya riƙe ran da wa'adinsa ya cika, cire shi kuma ba ya ɗauke ran da ke da sauran kwana. Muka yi istihara. Ba zan ce zuciyata ta yi fari tas ba, amma ta daina kai-komo.

Sauran abu ɗaya da ya tsaya wa abban yara, shi ne mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi da za a ba ta. Ya taɓa jin cewa shi ake ba mara lafiya don a gaggauta masa tafiya. Ya tambayi likitar kai tsaye. Ta nuna masa yadda ake lissafa shi da nauyin jariri, ɗan mitsitsi, a fara da kaɗan, a duba fuska da numfashi, a ƙara in akwai buƙata, kuma komai a rubuce yake da sa hannun ma'aikata biyu. Ta ce in aka ba da shi a haka aikinsa kawar da zafi ne da jin shaƙewa, kuma jaririn da ke fama da neman iska ba tare da magani ba ya fi galabaita. Ya yi shiru, can ya ce, "To Likita, kada ki bari ta ji shaƙewa." Ta ce wannan alkawari ne da za ta iya ɗauka.

Mu aka bari muka zaɓi rana da lokaci. Aka kai mu wani ɗaki a gefen sashen, mai ƙofa da kujeru da gado. Tun kafin a taɓa tiyon aka ba ta maganin, aka jira ya kama jikinta. Aka gaya mana abin da za mu iya gani: launinta zai iya canzawa, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, za ta iya jan wani dogon numfashi mai sauti wanda zai tsorata mu amma ita ba ta cikin wahala a lokacin. Aka ce zai iya zama mintoci, zai iya zama kwanaki, babu mai iya yanke mana. Nas ɗin ta kashe allon lambobin da ke ɗakin, ta ce, "Yau ita za ku kalla." Ta jiƙa filastar ta ɓare ta sannu a hankali, likitar ta zare tiyon, aka goge mata baki, aka ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata, aka lulluɓe mu.

Ranar na fara ganin fuskar 'yata gaba ɗaya. Bakinta ƙarami ne ƙwarai, haɓarta irin ta yayarta. Ranar kuma na fara jin muryarta, wani ɗan siririn kuka a dishe, sau ɗaya, sai ta lafe. Abban yara ya sa yatsansa a dunƙulallen hannun nan, yana karanta mata abin da ya sawwaƙa a kunne. Muna jiran tafiyarta a wannan yammacin.

Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da numfashi da kanta, ta kwana, ta wuni, ta ƙara kwanaki. A waɗannan kwanakin ne na ga abin da ake nufi da kulawar nan, kuma na ga aiki ne mai yawa. An daina sukar diddige, an daina ɗibar jini, an daina tashinta don awo. Amma nas tana shigowa a kai a kai ta duba fuskarta da yadda ƙirjinta ke motsi, ta juya mata kwanciya, ta shafa mata mai a leɓe kada ya bushe, ta goge mata ido. Ba ta iya tsotso, sai aka bar mata siririn tiyon hanci ana ba ta nonona kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da cikinta ya karɓa, in ya ƙi a dakata, ba a tilasta mata. Ina ɗiga mata a leɓe don ta ji ɗanɗanonsa. Da ta fara wata 'yar fizga aka ba ta maganin da ya kwantar da ita. Ni na yi mata wanka da hannuna, nas tana tallafe da kanta. Na sa mata rigar da na tanada tun ina da ciki, ta yi mata yawa, muka naɗe hannun. Wannan ɗora jariri a ƙirji, nas ɗin ta ce a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a matsayin hanyar jinya a 1978, lokacin da kwalabe suka yi wa bakwaini kaɗan, daga baya aka gano yana daidaita musu ɗumin jiki da numfashi, yana rage musu jin zafi. Ni dai abin da na gani shi ne in tana jikina girarta a sake take.

Yayyenta sun zo. Manya sun so hana su, wai yara ba sa ganin irin wannan. Wata ma'aikaciya a sashen ta ba mu shawara mu gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kuma kada mu ce ƙanwarsu barci za ta yi, don kada su riƙa tsoron barci. Muka ce musu an haife ta da ciwo mai tsanani a zuciya, likitoci ba za su iya gyarawa ba, za ta rasu, kuma ba laifin kowa ba ne. Babbar ta riƙe ta a cinya. Ƙaramin ya tambaya ko tana jin sa, nas ta ce ya gwada, ya matso ya gaya mata sunansa. An ɗauke mu hoto mu duka, an kuma ɗauki sawun ƙafarta a takarda. A lokacin ban ga amfanin hoton ba, nas ɗin ta ce a ɗauka a ajiye, in ban so ba kada in buɗe. Na buɗe daga baya, kuma na gode mata.

A wani dare da barci ya ƙi zuwa na tambayi nas ɗin yadda take iya wannan aiki. Ta ba ni labarin Cicely Saunders, wata 'yar Ingila da ta fara da aikin nas, ta koma ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, daga baya ta karanci likitanci, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta koyar cewa ciwon mai jinya ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, da na iyali, da na ruhi, kuma duka sai an kula da su. Gidan farko irin wannan na yara, Helen House, a garin Oxford na Ingila aka buɗe shi a 1982. Jarirai su ne kusan na ƙarshe da abin ya iso gare su. Nas ɗin ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana cewa kulawar nan ga yara tana farawa ne tun ranar da aka gano ciwon, ko ana ci gaba da neman magani ko ba a yi. Wannan ya tsaya mini a rai. Ashe ba sai an cire injin ba. Ɗaukar jariri, da rage masa allurai, da zama da iyaye a gaya musu gaskiya, duk ana iya fara su tun yana kan injin, tun ana sa rai.

Ta rasu da asuba, a hannuna, mahaifinta yana gefe. Tun cikin dare tsayawar numfashin ta riƙa tsawo, hannuwa da ƙafafu suka yi sanyi, leɓenta ya sauya. Duk an riga an gaya mana, shi ya sa ban yi ihu ba, ban ruga neman kowa ba. Nas ta ƙara mata magani sau ɗaya da ta ga girarta ta ɗan haɗe, ta sake. Sai numfashi ɗaya ya fita, muka jira na bayansa, bai zo ba. Likita ta zo ta sa abin sauraro a ƙirjinta, ta daɗe tana saurare, sannan ta kira sunanta ta ce ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu wanda ya karɓe ta daga hannuna, babu wanda ya ce mu yi sauri ana buƙatar ɗakin. Da masu cewa in daina kuka suka yi yawa daga baya, abin da na riƙe shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya kamata mata su sani. Nono bai san jariri ya rasu ba. Ya ci gaba da zuwa, ya cika, ya yi tauri, rigata tana jiƙewa a tsakiyar masu gaisuwa. Kafin mu bar asibiti an zauna da ni a kan wannan. Aka ce akwai ƙwayar magani mai tsayar da shi, ko kuma in riƙa tatsar kaɗan don in samu sauƙi ba tare da na ƙarar da shi ba, ina ragewa har ya ɗauke, in kuma na ji zazzaɓi ko wani wuri ya yi ja ya yi zafi in dawo da wuri. Ni ragewa a hankali na zaɓa. Na sha haɗuwa da matan da aka sallama daga asibiti hannu wofi ba wanda ya ce musu uffan a kan wannan, suka yi ta fama su kaɗai cikin kunya.

Na san abin da muka samu ba kowa ke samu ba, kuma wannan yana ci mini rai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna jarirai kusan miliyan 2.3 ne suka rasu cikin kwanaki 28 na farkon rayuwarsu a 2022, kusan kashi uku cikin huɗu a makon farko. Da yawansu da an samu kayan aiki da ma'aikata da sun rayu, wannan yaƙi ne da ba za a sassauta ba. Amma akwai waɗanda ko a asibitin da ya fi kowanne ba za su rayu ba, irin 'yata, kuma su ma suna da haƙƙi. Hukumar ta ƙiyasta cewa cikin duk masu buƙatar kulawar sauƙaƙa wahala a duniya, manya da yara, kusan 14 cikin 100 ne kawai ke samunta, duk da cewa tun 2014 babban taron lafiya na duniya ya amince ƙasashe su sa ta cikin tsarin kiwon lafiyarsu. A wurare da yawa mofin ɗin ma babu shi, ko yana kulle saboda tsoro. Amma in na lissafa abin da aka yi wa 'yata, mafi yawansa ba na'ura ba ne. Kujera ce aka jawo aka zauna, gaskiya ce aka faɗa, ƙofa ce aka rufe mana, uwa ce aka ce ta ɗauki 'yarta.

Bayan wasu makonni likitar ta kira mu muka koma. Shiga wannan ginin ya yi mini nauyi, amma na ji daɗin zuwan. Ta sake bi da mu ta kan komai daga farko, ta ce irin na 'yata ba gadonsa ake yi ba, kuma yiwuwar ya sake faruwa a wani cikin kaɗan ce, ko da yake za a sa ido da gwaje-gwaje tun da wuri. Ta tambayi barcina, da cin abincina, da yadda yaran suke, ta kuma juya ta tambayi abban yara shi ma, wanda tun rasuwar kowa ke ce masa ya kula da ni, ba mai tambayar yadda yake. A nan ne ya fito da abin da ya daɗe yana cinsa. Ya ce, "Likita, don Allah ki gaya mini tsakaninki da Allah, da mun bar ta a kan injin fa?"

Ba ta yi saurin amsawa ba. Ta ce mai yiwuwa da ta ƙara wasu kwanaki, wataƙila makonni, amma a ganinta da na abokan aikinta ƙarshen ɗaya ne, sai dai da ya same ta cikin kwalba, da tiyo a baki, ana danna mata ƙirji, mu kuma muna waje a bakin ƙofa. Ta buɗe fayil ɗin ta nuna masa inda nas-nas suka riƙa rubuta yanayinta a kwanakin ƙarshe, sa'a bayan sa'a, da kowane magani da lokacin da aka ba ta. Ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya juya shafi, ya karanta na ƙarshe. Sannan ya tambaya ko za a iya ba mu kwafi mu tafi da shi gida, ta ce za a ba mu.